Akwatin Wuta Mai Mariƙi

Manaja ya sa hannu ɗaya ya ɗaga akwatin daga kan kanta, ya jinjina shi, ya mayar.

"Babu nauyi," ya ce.

"Ko kaɗan, yallaɓai," in ji mai shago. "Ga mariƙi nan, kamar jakar tafiya."

Direba, mahaifin Manaja, yana tsaye a bayansu, idonsa ba ya kan akwatin sam. Can lungun shagon yake kallo, inda aka jera wasu manyan batura baƙaƙe a ƙasa, da inbata kafe a bango a samansu. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan sitiyarin babbar mota har yanar ido ta sauke shi daga titi, amma sunan bai sauka ba, kowa a layinsu Direba yake ce masa. Wanda ya yi irin wannan aiki kuwa ba ya saurin yarda da kayan da ake ɗagawa da hannu ɗaya.

"Baba, me ka ce za ka jona?" mai shago ya juyo gare shi.

"Injin ƙyanƙyasar ƙwai. Ƙarami ne, ba ya cin wuta sosai, amma ba ya son a katse masa. Mako uku ƙwai ke yi a ciki. In ɗumi ya tafi ya daɗe, sai dai a kwashe a zubar. Ka kuwa san halin masu wuta."

"Wa bai sani ba? Ai da halin nasu muke cin abinci." Mai shago ya zagayo daga bayan kanta. "Janareta dai ka san shi, ka san ƙararsa da shan mansa. Waɗancan da kake kallo, in aka kafa maka su, aka ɗora faifan sola a rufi, ko mako aka yi ba wuta babu ruwanka. Shi kuma akwatin nan zai riƙe maka injin wuni da kwana, in wuta ta dawo ka caja shi. A mota ma yana caji. Amfaninsa dai yawo. Masu fita bayan gari su kwana a tanti su suka fi saye."

"Ni ina za ni?" Direba ya ce. "Ƙwai ba sa yawo."

Manaja ya yi dariya, irin wadda ake yi wa tsoho in ya faɗi abin da ba a son amsawa. Tun yana makarantar firamare ƙannensa suka laƙaba masa sunan nan saboda son ba da umarni, sai ga shi bakinsu ya kama shi, yanzu yana da ofis da mota da mutanen da ke miƙewa in ya shigo.

"Baba, waɗancan sai an kira ƙarti sun ɗauka, a huda maka bango, a ja wayoyi kamar igiyar shanya. Wannan shi ake yayi." Ya koma kan mai shago. "Zai ɗauki ƙaramin firiji? Da sifika? Da fitilu masu ɗan yawa?"

"Duk zai ɗauka, yallaɓai."

Direba ya saurara da kyau. Injinsa ba shi da sifika, ɗakin ƙwai kuma fitila ɗaya ce a ciki. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna ba aljihunsa za a taɓa ba, ya fasa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne janaretansa. Da safe Manaja ya loda shi a but ɗin mota, ya ce za a duba shi a hanya. Sai a ƙofar shago Direba ya fahimci cewa ba duba shi za a yi ba, mai shago ne zai karɓe shi a cikin ciniki. Tsoho ne, yana tari, yana hayaƙi, sai an lallaɓa shi yake tashi, amma Direba ya san kowane noti da ke jikinsa, bai kuma taɓa ba shi kunya ba. Yana kallo aka ja shi cikin shago aka jingina kusa da wasu irinsa.

"Ka huta da shaƙar hayaƙi ke nan, Baba," Manaja ya ce, ya ɗora masa akwatin a cinya a cikin mota. "Wannan naka ne. Ni na ba ka."

Maganar nan ita ta gama da Direba. Yaron da ko gaisuwa sai ta waya, yau ga shi ya ɗauko ubansa da kansa, ya kai shi kasuwa, ya ce naka ne. Kafin su isa gida ya manta da baturan lungu, ya kusa manta da janareta ma, yana ta shafa mariƙin akwatin da babban yatsa.

Ranar babu wanda ya huta a layin. Mai aski, wanda shagonsa ke manne da katangar gidan, shi ya fi shan wahala. Direba ya janyo shi har ɗakin ƙwai, ya kashe wutar gidan daga mita da gangan, ya ɗaga yatsa.

"Ka ji wani abu?"

"Ban ji ba."

"To aiki yake yi ke nan. Ɗana ya saya mini. Kai kuma ka ci gaba da toshe mana kunne da kwarakwaran janaretan nan naka."

Da can, saboda tsoron wuta, rabin tire ɗaya kawai yake zubawa. Yanzu da ya ji ya tsaya da ƙafarsa, sai ya cika tire biyun maƙil. Da ya ga sauran 'yan gurabe, idonsa ya faɗa kan jar kazar matarsa, wadda ta fara kwanci a cikin wani tsohon kwando a bayan kicin. Ya je ya ɗaga ta tana kyarkyara tana saransa, ya kwashe ƙwan duka a gaban rigarsa.

"Malam, ka bar mata abinta," matarsa ta ce daga bakin murhu. "Ita ba a ɗauke mata wuta."

"Ita tana tashi yawon cin abinci, ta fasa wasu, ta ƙi wasu. Inji ba ya tashi. Ki zuba ido ki ga aiki."

"Na zuba."

Gaskiya akwatin ya yi aiki. In aka ɗauke wuta sai ya yi ɗan ƙara guda ya karɓi injin, fankarsa ba ta ko numfasawa. Direba yakan shiga ɗakin da tocila, ya ɗaga ƙwai ɗaya bayan ɗaya ya haska, ya kai har kusa da idonsa mai ɗan gani. Ya ga jijiyoyi ja sun bayyana, ya ga duhu ya cika, ya ga duhun yana motsi. Tun da ya bar titi babu abin da ke jiransa a gidan nan. Abinci yana dahuwa ko yana nan ko ba ya nan, yara sun watse, haya da magani Manaja ke turowa. Ƙwan nan kaɗai ne ke buƙatarsa, kuma ya fi son su fiye da yadda zai iya faɗa wa kowa.

Ranar Juma'a da yamma, mako na uku ya kusa cika, Manaja ya zo cikin gajeren wando da hular rana. Ta gilashin motar ana hango tanti a naɗe, da kujerun ninkewa, da sandunan kamun kifi.

"Baba, akwatin nan zan ara. Za mu fita da mutanen ofis, bakin wani tafki a bayan duwatsu. Jibi da yamma in dawo da shi."

Direba ya nuna ƙofar ɗakin ƙwai. "Ƙwan sun kusa. Gobe ko jibi za su fara fasawa. Zo ka kara kunnenka, har kukansu ana ji daga ciki."

Manaja bai zo ba. "Yaushe rabon da a ɗauke muku wuta?"

"An ɗan kwana biyu."

"To ka gani. Sun gyara layinku. Baba, shugabanmu ma zai je, kuma na riga na faɗa a gaban kowa ni zan kawo wuta. Ka san yadda abin zai zama in na je hannu rabbana."

Matar Direba ta fito bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. "Kai da bakinka ka ce na babanka ne."

"Nasa ne mana, Mama. Aro na ce."

"To an hana aron."

"Ke, bar shi," Direba ya ce.

Ba don ya yarda da maganar gyaran layi ba. Ya tuna tambayar sifika da firiji a shago, ya kuma gane abin da ya ƙi ganewa ran nan. In ya ce a'a, za a gaya masa ko na wane ne akwatin, shi kuwa ba ya son ji. Da hannunsa ya zare filogin injin ya mayar da shi soket ɗin bango, ya naɗe wayar akwatin da kyau, ya miƙa.

Asabar ta waye da hadari. Kafin hantsi iska ta taso da ƙarfi, ruwa ya sauko, can bakin layi aka ji wani abu ya faɗi, sai ga mutane suna cewa falwaya ce ta karye. Direba yana tsaye a gaban injin lokacin da fankar ta yi sanyi-sanyi ta tsaya. Da ƙarar ta ɗauke sai ya ji su sosai, 'yan tsaki suna tsiyau-tsiyau daga cikin ɓawo, da ɗan ƙwanƙwasar baki nan da can.

Ya kira Manaja, waya ta ce ba a samun layinsa. Ya kira masu wuta, aka ce ana kan aiki. Wanda ya san masu wuta ya san abin da wannan ke nufi.

Ya lulluɓe injin da bargo biyu. Matarsa ta ɗora ruwa, tana cika kwalabe, yana naɗe su da tsumma yana turawa ƙasan tire. Amma duk buɗewa ɗaya, ɗumin da ke fita ya fi wanda ke shiga, ga garin ya yi sanyin ruwa, bango kansa yana fitar da raɓa. Yana sa bayan hannunsa a kan ƙwai yana ji suna hucewa a hankali.

Da azahar matar ta fita, ta dawo da jar kazar a hammata, jiƙe sharkaf. Suka jera mata ƙwanta a kwandon, suka ɗora ta a kai, Direba ya danne bayanta da tafin hannu yana lallashinta kamar mutum. Kaza ta daɗe da barin kwanci. Ta sare shi a yatsa, ta yi tsalle, ta taka ɗaya ya fashe, ta fice tsakar gida tana karkaɗe fuka-fuki. Matar ta tsuguna ta kwashe fasasshen da takarda. Da ta yi gori da ya fi masa sauƙi, amma ko kallonsa ba ta yi ba.

"Je ka wurin mai aski," ta ce kawai.

Taku kaɗan ne tsakanin ƙofarsa da shagon, amma Direba ya daɗe a tsaye a ƙarƙashin rumfa ruwa na ɗiga masa a wuya. Janaretan da ya yi wa ba'a yana ta kwarakwaransa a gefen ƙofa, shago cike da mutane kamar kowace Asabar.

"A'a, Direba, yau kai ne a ƙofar masu hayaƙi?" mai aski ya ce, bai ɗago daga kan da yake yi ba. "Ina mai shirun naka?"

Masu jira suka juyo gaba ɗaya.

"Ya ɗan samu matsala."

"Sabon abu? Ka gaya wa Manaja ya mayar musu da kayansu. Waɗannan 'yan kasuwa ba sa tsoron Allah."

"Zan gaya masa. Cewa na yi ko za ka ara mini naka. Ƙwaina suna kan fasawa."

Mai aski ya dakata, ya dubi layin mutane, ya dubi rabin kan da ke gabansa. Mutumin kirki ne, bai rama ba'ar ba.

"Wallahi ka ga yadda nake. In na kashe yanzu, waɗannan za su cinye ni. Ka yi haƙuri in tashi, ni da kaina zan kawo maka."

Ya kuwa cika alkawari. Da magariba ya ɗauko shi ya kawo, suka jona, fanka ta tashi, Direba ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Amma injin da ya wuni yana aiki a cikin feshin ruwa bai yi nisa ba ya fara tari, ya yi shiru. Suka ja igiya har kafaɗa ta gaji. Da nasa ne, ko ido rufe Direba zai kwance shi ya gyara. Wannan bai san halinsa ba, idonsa kuma ba ya ganin ƙananan notuna in rana ta faɗi. Mai aski ya ba da haƙuri, ya ɗauki abinsa ya tafi.

Da gari ya waye ranar Lahadi, Direba ya ɗaga bargon ya kara kunne. Ya daɗe a haka. Ya riƙe numfashinsa ya sake karawa, ya ƙwanƙwasa murfin da farce ko wani zai amsa. Babu ko ɗaya.

Wuta ta dawo bayan azahar. Fitilar baranda ta kama, fankar injin ta tashi da ƙarfinta tana hura ɗumi a kan abin da ya riga ya mutu. Direba ya buɗe ya ɗauki ɗaya mai 'yar ɓula a gefe, ya ɓare shi a hankali. Ɗan tsako ne cikakke, da gashinsa da faratansa, bakinsa na daidai ɓular da ya fara yi. Da yawa haka suke. Ƙiris ya rage musu.

Bai taɓa sanin zai yi wa kaji hawaye ba, amma ya yi, kuma bai ɓoye ba. Matarsa ta kawo babbar roba ta kwashe su duka, har da na jar kaza, ta ɗauka ta kai bakin ƙofar gida daga ciki, ta dire a tsakiyar hanya.

"Nan za ta zauna," ta ce. "Sai ya tsallake ta zai shigo. Kai kuma yau ka buɗe bakinka, Malam. Ɗanka ne, ba ubangidanka ba."

"Zan faɗa masa."

Da gaske yake yi. Ya zauna a kan benci a baranda yana jera maganar a ransa, tun daga shago, da janareta, da naka ne. Ya jera ta ya sake jerawa har ta yi kaifi. Matar ta shiga ciki yin wanka.

Rana ta yi sanyi lokacin da ya ji hon a waje. Ya miƙe, ya dubi robar, ƙudaje sun fara taruwa. Nan take ya ji a kunnensa abin da yaron zai ce in ya gani: ayya Baba, ai ƙwai ne kawai, gobe in turo a kawo maka wasu. Ya san in ya ji wannan daga bakin ɗansa, wani abu zai mutu da ya fi ƙwai. Ya sunkuya ya ɗauki robar, ya kai ta bayan tankin ruwa, ya rufe da buhu. Ya ce a ransa, in dai ya tambayi ƙwan, zan faɗa masa komai, ba zan rage ba.

Manaja bai ma kashe mota ba. Ya tsaya a bakin ƙofa, rana ta gasa shi, bakinsa har kunne.

"Baba, akwatinka ya fitar da ni kunya. Ka ga wurin kuwa? Fitilu ko'ina, abin sha da sanyinsa, kiɗa har gari ya waye. Shugabanmu sai tambaya yake a ina na samo shi." Ya ɗaga kai ya ga fitilar baranda. "Ina fata ba su ɗauke muku ba?"

"Ga ta nan kana gani."

"Ai na gaya maka."

Direba ya jira. Manaja ya ba da labarin kifin da ya kama, da abokinsa da ya zame ya faɗa ruwa da wayarsa, da yadda can ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Ƙofar ɗakin ƙwai tana buɗe a bayan uban, ana jin ƙarar fanka daga inda suke tsaye. Direba ya ɗan matsa gefe don yaron ya ga ƙofar da kyau.

"Ƙarshen wata ma za mu sake fita," Manaja ya ce, yana duba agogo. "Yanzu dai akwatin ya mutu murus, babu ko ɗigon caji. Tunda wutarku ta gyaru, bari in wuce da shi gida in caja, kada a yi ta wahalar shiga da fita da shi. In kana buƙata ka kira ni kawai."

Matar ta fito tana ɗaura ɗankwali. Ta dubi tsakiyar hanya inda ta dire robar, babu komai sai zagayen lema a kan siminti. Ta dubi mijinta.

"Tafi da shi," Direba ya ce.

"Mama, sai na zo. A gajiye nake."

Motar ta ja, suka tsaya har ƙararta ta ɓace a bakin layi, inda sabuwar falwaya ke tsaye.

"Ya tambaya?" ta ce.

"Bai tambaya ba."

Ya juya ya shiga ɗakin. Injin yana ta aikinsa, tire biyu babu komai a kai, ɗumi daidai yadda ake so. Direba ya lalubi bango ya zare filogin.